Save ko Export a LabQuest: wanne ɗalibai za su danna?

Malama, kin ce ɗalibanki sun auna yadda ruwan zafi ke hucewa da LabQuest 2, na'urar hannu da ake jona wa ma'aunai don ɗaukar bayanan gwaji, suka kwafe fayil ɗin a filash, amma da aka kai kwamfuta Excel ya ƙi buɗe shi. Shi ne kike tambaya ko Save ya kamata su riƙa dannawa ko Export. Na sha fama da wannan a ɗakin gwaji, bari in jera miki su biyun ki ga bambancin.

Idan aka danna Save, na'urar tana adana gwajin ne a nau'in fayil ɗinta na gida mai ƙarewa da qmbl. Ba lambobi kaɗai ke ciki ba. Har da giraf ɗin kamar yadda aka tsara shi, da bayanan da ɗalibi ya rubuta, da duk zagayen awon da aka ajiye (kowane zagaye gwaji ɗaya ne daga farawa zuwa tsayawa), da kuma saitin ɗaukar bayanai, wato sau nawa za a auna a daƙiƙa da tsawon lokacin da za a ɗauka. Gobe idan aka buɗe shi a na'urar, sai a ci gaba daga inda aka tsaya. Matsalarsa ɗaya ce: ba kowace manhaja ta san shi ba. Manhajar kamfanin Vernier, masu ƙera na'urar, irin su Logger Pro za ta buɗe shi lafiya lau, amma Excel bai san da zamansa ba. Abin da ya sami ɗalibanki ke nan. Fayil ɗinsu bai lalace ba, kar su goge shi.

Export kuwa lambobin zalla yake fitarwa a fayil ɗin rubutu. Ki ɗauki ma'aunin zafin nan na ƙarfe: da an jona shi, na'urar kan saita kanta a kan awo 2 a kowace daƙiƙa har daƙiƙa 180. Idan aka fitar da wannan, abin da za ki gani a Excel shi ne ginshiƙin lokaci da ginshiƙin zafi, layi 361 idan aka haɗa da awon farko. Shi ke nan. Babu giraf, sai ɗalibi ya zana nasa, kuma wannan fayil ɗin ba zai maido wa na'urar da saitinta ba. Amma fa kowace kwamfuta za ta karanta shi, yau da bayan shekara goma.

A ganina, duk wanda ya yi Export kaɗai ya tafi ya yi wa kansa asara, domin ranar da kika tambaye shi yadda ya saita na'urar, ba shi da abin nunawa. Ni dokar da na kafa wa ɗalibaina ita ce a fara da Save, sannan a yi Export in ana son aiki a Excel. Ba ya cin minti ɗaya.

Akwai wani tarko da ya fi waɗannan cin mutane, kuma ina roƙonki ki ja musu kunne a kansa. A shafin giraf akwai ɗan hoton durowar ajiyar takardu. Danna shi yana ajiye zagayen farko ne don a fara na biyu ba tare da an shafe na farkon ba. Yara da yawa suna ɗauka sun adana aikinsu ke nan. Ba su adana ba. Na taɓa ganin wasu ɗalibai sun yi zagaye uku, layuka uku masu launi daban-daban sun fito tsaf a fuskar na'urar, sai rukuni na gaba suka karɓa suka buɗe sabon fayil, suka amsa tambayar da ta fito kan ko a adana aikin ba tare da sun karanta ba. Aikin awa guda ya tafi, yarinyar da ta riƙe ma'aunin har da hawaye.

Wani amfanin Save wanda Export ba zai taɓa ba ki ba: ki jona ma'aunin, ki saita tsawon lokaci, a ce daƙiƙa 600 don hucewar ruwa, ki adana fayil ɗin babu awo ko ɗaya a ciki. Kowane rukuni sai ya buɗe shi, ya canza masa suna, ya fara aiki. Kin huta da zagaya teburi kina gyara saiti.

Game da wurin ajiya, ma'ajiyar cikin na'urar ta kowa ce, wani na iya goge na wani, don haka kowane rukuni ya kwafe nasa a filash kafin a tashi. In na'urar ta ƙi ganin filash ɗin, ki duba ko tsarin ajiyarsa FAT32 ne, wato irin wanda na'urar ke iya karantawa. Ki kuma leƙa agogon na'urar ki daidaita kwanan wata, domin da shi take yi wa fayiloli hatimin lokaci, kuma shi za ki bi ranar da fayiloli biyar suka zo miki da suna iri ɗaya.