Gyaran AC na tsohuwar tirela a Amurka: gas ne abin dubawa na ƙarshe

Jama'ar gida, tirelar da nake nufi ba irin ta dakon siminti ba ce. Ɗaki ne mai tayoyi da ake ja da mota, irin Airstream da ake ƙerawa a jihar Ohayo, mai jikin alminiyom. A nan Arizona har yau ana kwana a cikin na shekarun 1970, kuma da bazara in AC ɗin kan rufinta ya tsaya, cikinta tanderu ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda makaniken nan ba ya fara da cewa gas ya ƙare. Mita yake fara ɗauka. Wutar nan volt 120 ce. In ta sauka ƙasa da 108, kwamfireso, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, zai yi ta gurnani yana zafi. Sai ya auna iskar da ke shiga da wadda ke fita. In bambancin ya kai digiri 8 zuwa 11 na Selshiyos, gas ɗin na'urar lafiyarsa ƙalau; in duk da haka ɗakin bai yi sanyi ba, sai a duba ko datti ne ya toshe matatar iska ko zanzaro ya yi gini a cikin kwandensa, wato ɓangaren da ke fitar da zafi waje. In fanka na juyawa amma kwamfireso ya ƙi tashi, yawanci kafasita ce, wato 'yar na'urar da ke tara caji don tayar da shi. A cire wuta, a sauke cajin da ke cikinta domin tana iya jan mutum, a karanta lambar mikrofarad, wato ma'aunin ƙarfinta, da ke jikinta, a sayo mai lamba ɗaya sak. Da lambar kawai za a kawo maka ita har ƙofar gida.

Mu kuwa a gida, duk kafasitar da aka samu a akwatin kayan aiki ita ake ɗaurawa, a huda bututu, a ɗura gas ba a nemi inda yake yoyo ba. Bayan wata biyu a sake kiran mai gyara. Gas ba mai ba ne da yake ƙonewa. In ya ragu, to akwai huda. Tsofaffin AC ɗin nan wani gas mai suna R-22 suke sha, wanda Amurka ta hana ƙerawa da shigo da shi tun Janairun 2020, kuma ba a sayar wa wanda ba shi da takardar shaida.

Amma fa ladan aiki a nan ba tausayi. Awa ɗaya takan haura dala 100. Shi ya sa in motar fanka, wato injin da ke juya ta, ta ƙone ba mai sake naɗa mata waya, juji za ta. Nan nake kewar masu naɗin koyil na Sabon Gari a Kano, waɗanda za su tayar da ita kafin la'asar. In kwamfireso ne ya mutu, sabon AC mai ƙarfin sanyi BTU 13,500 ake ɗorawa a ramin rufi mai inci 14 tsawo da faɗi, a ɗaure noti huɗu har robar da ke ƙarƙashin AC ɗin ta matse rabi. A tabbata an haɗa bututun fitar da ruwan AC da ke bi ta cikin bango, in ba haka ba ruwa ya riƙa zirarowa a jikin alminiyom yana barin tabo.