Yaya, ga gaskiyar maganar kuɗin haya a Ingila

Yaya, ina gaisuwa. Ya jikin Hajiya, ya yara? Tun ranar da kika ce min an yi hirata a gidan suna, wai ni na huta tunda gwamnati ce ke biya min haya, na ƙudura sai na rubuto miki yadda abin yake dalla-dalla, ko kya samu abin faɗa wa masu shirin sayar da fili su taho.

Taimakon yana nan, ba ƙarya ba ne, kuma ina karɓa. Sunansa Universal Credit, an fara shi a 2013, aka haɗe tallafi iri shida wuri guda, har da na haya. Amma kafin a tambaye ki nawa kike samu ko 'ya'yanki nawa, takardar zamanki ake dubawa. Mai bizar karatu, mai bizar aiki, mai bizar aure, kusan duk an rubuta musu cewa ba su da hannu a tallafin gwamnati, kuma wadda ta kuskura ta karɓa tana iya rasa zaman gaba ɗaya. Ni Allah ya taimake ni, mun cika shekara 5 na samu zaman dindindin kafin aurena da baban yarana ya mutu. A gidan tsofaffin da nake aiki akwai mata 'yan Najeriya da Zimbabuwe, wasu da yara uku, suna ɗaga tsofaffin nan dare da rana, ana cire musu haraji daga albashi kamar kowa, amma ko sisi ba a taya su haya. Su ne ba a ba ku labarinsu.

A Kano, mace idan aurenta ya mutu, ta san inda za ta nufa. Ɗakin Hajiya yana nan, ko da za a sha gori a kan tuwon dare. Nan Birmingham ranar da na tashi da yara biyu, babu ƙofar da zan buga sai ta dillalan gida. Abin da na yaba musu, haya wata-wata ake biya, babu mai ce miki kawo na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Kuɗin ajiya ma doka ta ƙayyade shi tun 2019, ba ya wuce hayar mako 5, kuma dole mai gida ya sa shi ƙarƙashin kariyar wata hukuma daban har ki tashi. Idan na'urar ɗumama ɗaki ta lalace, gyaran na wuyan mai gida. Sai dai kafin su ba ki makulli za su nemi takardun albashi, da bayanan banki, da wanda zai tsaya miki. Da can ƙarara suke rubutawa a talla cewa ba sa son masu karɓar tallafi, har wata kotu a York ta ce a 2020 wannan wariya ce. Yanzu ba sa rubutawa. Wani dillali da ya ji ni kaɗai ce da yara, sai ya ce zai kira ni. Har yau ina jira.

Da na samu gidan, a waya na cike takardun tallafin, aka kira ni ofis na kai shaidar haya da takardun haihuwar yara. Daga nan sai jiran mako 5 kafin kuɗin farko ya shigo. Mai gida kuwa bai san wannan zancen ba. Ofishin tallafin na ba da rance marar ruwa a tsakani, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan har wata 24, shi na ci na rufa asiri.

Hayata fam 900 ce a wata, ɗaki biyu da falo, bangon banɗaki yana zufa duk lokacin sanyi. Masu ba da tallafin kuma suna da nasu ma'aunin. Kowane yanki an yanka masa iyakar da tallafi ba zai wuce ba, ana duba gidaje 30 mafi araha cikin 100 na yankin. A watan Afrilun 2024 aka sabunta lissafin, a 2025 aka bar shi yadda yake, alhali masu gida ba su daina ƙari ba. Tsakanin iyakar da hayata akwai giɓin kusan fam 150, kuma daga kuɗin cefane yake fita. Yawan ɗakunan ma su ke yankewa. Yara biyu 'yan ƙasa da shekara 10 ɗaki ɗaya ake lissafa musu ko da mace da namiji ne, idan jinsinsu ɗaya kuwa har sai sun kai 16. Na yi dariya da na ga shekara 10 ɗin nan, na ce ashe sun yi karo da abin da malamai ke faɗa mana na raba wa yara shimfiɗa. Babbar tawa tana da 8, saura shekara 2 a lissafa mana ɗaki na uku, in ma ya samu a wannan kuɗin.

Inda lissafin ya fi cin rai shi ne wajen albashi. Tunda autana ya wuce shekara 3, ana sa ran in yi aikin da ya kai awa 30 a mako, kuma ina yi. A 2025 fam 411 na farko a wata ba sa taɓawa. Abin da ya haura haka, cikin kowane fam 100 da ya shigo hannuna bayan haraji, sai su rage fam 55 daga tallafin. Wai ma an sassauta ne, kafin ƙarshen 2021 fam 63 suke ragewa. To ki duba, Yaya: a roƙe ni in ƙara kwana biyu na aikin dare, in bar yara wajen maƙwabciya, in dawo ƙafa a kumbure, ribar da ta tsaya min fam 45 cikin 100. Ba faɗuwa na yi ba, shi ya sa nake karɓa idan jiki ya yarda. Amma duk wanda ya ce miki masu tallafi malalata ne, ki ce ya zo ya yi wannan lissafin da ƙarfe biyar na asuba a tashar bas. Ba na ma iya ɓoye komai ko da na so, domin wurin aiki kai tsaye yake aika wa hukumar haraji abin da ya biya ni, ita kuma ta miƙa musu. Masu albashin mako huɗu-huɗu kamata, sau ɗaya a shekara albashi biyu ke faɗowa cikin watan lissafi guda, a wannan watan tallafin sai ya kusa ɓacewa. Shekarar farko ban sani ba, sai da na sayar da zoben nan na gwal da Hajiya ta ba ni. Kar ki faɗa mata.

Akwai wuraren da suka kyauta. Kuɗin renon yara suna mayar da har kashi 85 cikin 100, sai dai ke za ki fara biya, ki tura rasit. Harajin ƙaramar hukuma an rage min kashi 25 saboda ni kaɗai ce babba a gidan. Abin da baban su ke turowa na ciyarwa, idan ya turo, ba sa lissafa shi cikin abin da nake samu. Ƙungiyoyi irin su Citizens Advice da Shelter suna zama da mutum kyauta su warware masa takarda, ba tare da na goro ba.

Ladan wannan taimako, rayuwarki a buɗe take. Mai ajiyar da ta haura fam 6,000 ana rage mata, wadda ta wuce 16,000 ba a ba ta komai, kuma dukiyar da ke wajen ƙasa tana cikin lissafi. Shi ya sa da Yaya Babba ya ce in turo a saya min fili a Rijiyar Zaki na yi shiru. Ranar da na kwashi adashi kuwa, sai da na tanadi bayanin inda kuɗin ya fito tun kafin a tambaya. Masu cewa in sake aure su sani, ranar da miji ya tare, albashinsa da nawa za a haɗa a sake lissafi daga farko.

Maganar bikin autarmu kuma, na ji Hajiya tana so in zo da yara mu yi duk hutun makaranta, mako 6. Ba zai yiwu ba. Idan na wuce wata ɗaya a wajen ƙasar tallafin zai tsaya, in na dawo in sake cikewa, in sake jiran mako 5, haya kuma tana ta gudu. Na nemi hutun kwana 24 a wurin aiki, sun amince. Ki taya ni lallashinta, ki kuma turo min hoton ankon da kuɗin ɗinki kafin ƙarshen wata, albashi na shiga ranar Juma'a.