Golf da safe, blues da dare, kwana a otal ɗin caca: sharhi a kan tsarin hutun Tunica

Kamfanonin shirya tafiye-tafiye da ke tallar arewacin jihar Misisipi ta Amurka sukan haɗa abubuwa uku a farashi ɗaya: wasan golf da safe, kiɗan blues (kiɗan da baƙaƙen fatan kudancin Amurka suka ƙirƙiro) da dare, da masauki a ɗaya daga cikin manyan otal-otal na caca da ke gundumar Tunica. A takardar talla, ukun nan ƙarfinsu ɗaya. Da ni da abokan wasana muka karɓi irin wannan tsari daga wani kamfani, abin da muka tarar shi ne gidan caca ke riƙe da ragamar komai, golf na biye masa, shi kuwa blues, wanda shi ne ainihin dukiyar yankin, an yafa shi a kai ne kawai don tallar ta yi armashi.

Wurin da ake kira Tunica Resorts, wanda a da aka sani da Robinsonville, yana kimanin kilomita 50 kudu da birnin Memfis, a kan babbar hanya mai lamba 61. Har cikin shekarun 1980 gundumar tana cikin mafiya talauci a duk faɗin Amurka, ba ta da komai sai gonakin auduga. A 1990 jihar ta halatta caca bisa sharaɗin cewa gidajen su kasance a kan ruwa, a 1992 kuma aka buɗe na farko a Tunica. Wannan sharaɗi ne ya sa zauren cacar otal ɗin da muka sauka ke zaune a kan wani makeken jirgin ruwa da ba ya zuwa ko'ina, an yi masa gini ta kowane ɓangare har mutum ba zai san lokacin da ƙafarsa ta bar tudu ba, in ba don wani ɗan tsiri na ƙarfe da ke ƙarƙashin darduma ba. Kasuwar ta ja baya sosai daga lokacin da take tashe: ambaliyar kogin Misisipi ta 2011 ta rufe dukkan gidajen na makonni, gidan cacar Harrah's, wanda ya fi kowanne girma, ya rufe a 2014, tare da shi kuma aka rasa filin golf na Cottonwoods da Hale Irwin ya zana. Mai tuƙi a yankin zai ga tituna masu faɗi waɗanda aka gina don cunkoson da yanzu babu shi.

Ɗakin da aka ba mu yana da faɗi da tsabta, gado mai kyau, ruwan zafi ba ya yankewa, kuma daga taga ana hango shingen ƙasa da ke tare kogin da gonaki shimfiɗe har iyakar ganin ido. Farashinsa a tsakiyar mako ya yi ƙasa da abin da ɗaki irinsa zai ci a Memfis, amma ruwa ba ya tsami banza: otal ɗin ba da kuɗin ɗaki yake rayuwa ba, yana sa ran baƙo zai sauko ya ajiye ragowar a gaban na'urar caca. Shi ya sa hanyar zuwa wurin cin abinci ta ratsa ta tsakiyar zauren, inda babu taga, babu agogo a bango, ga hayaƙin taba da ke kama tufafi, ga ƙarar na'urori ba dare ba rana. Wanda ba ya caca, kamar ni, ba mai tilasta masa, kuma shi ne ma ya fi kowa cin ribar arahar ɗakin. Sai dai ya san cewa doka ta hana duk wanda bai kai shekara 21 ba tsayawa a zauren, abin da ke wahalar da mai tafiya da iyali. Abu na biyu da ya ɓata mini rai shi ne kuɗin ƙari na kowane dare da otal ɗin ke cira da sunan hidimomin masauki, wanda kamfanin tafiyar bai saka a farashin da ya tallata ba, sai ranar tashi muka gan shi a takardar biya.

A ɓangaren golf ba ni da ƙorafi mai yawa. Filin Tunica National, wanda Mark McCumber ya zana aka buɗe a 2004, an gina shi a kan ƙasa wadda a shimfiɗe take ƙwarai, don haka mai zanen ya nemi wahalar wasan daga ruwa da yashi maimakon tudu da gangare. Hanyoyin ƙwallo suna da faɗi, abin da ke ba mai matsakaicin hannu damar sakin jiki a bugun farko, amma bugu na biyu ne ke raba gwani da ɗan koyo, domin tafkuna suna bin gefen ramuka da yawa kuma iskar da ke tahowa daga gonaki ba ta da abin da zai tare ta. A wani rami na kusa da ƙarshe na ga abokin wasana ya ɗauki sandar da ya saba bugawa da ita a irin wannan tazara, ƙwallon ta tashi daidai, iska ta riƙe ta a sama, ta faɗo cikin ruwa taku kaɗan kafin ciyawa. Wurin atisayen filin yana da girma, akwai kuma filayen tanis na yumɓu a cikin rufaffen gini ga wanda ba golf ya kawo shi ba.

Filin golf na River Bend Links, wanda Clyde Johnston ya zana, ya fi ba ni sha'awa, duk da cewa bai kai na farkon ado ba. An kwaikwayi filayen bakin teku na Sikotilan: bishiyoyi kaɗan, tsibin ƙasa nan da can, ramukan yashi da na ciyawa masu zurfi, da doguwar ciyawa a gefe wadda in ƙwallo ta shige ta sai dai a haƙura. Irin wannan fili yana saka wa wanda ya iya buga ƙwallo ƙasa-ƙasa ta gangara, yana hukunta mai son ɗaga ta sama. Kuskuren da aka yi mana a nan na kamfanin tafiyar ne, da ya sa mana lokacin farawa da tsakar rana a wata mai zafi da gumi, alhali duk mai wasa a kudancin Amurka ya san sassafe ake nema. Duk wanda zai karɓi wannan tsari ya nemi a rubuta masa lokutan farawa kafin ya biya ko sisi. Ya kuma sani cewa fitattun filayen jihar, irin su Fallen Oak na Tom Fazio da Grand Bear na Jack Nicklaus, suna can kudu kusa da Biloxi, tafiyar sa'o'i da yawa a mota, ko da takardar talla ta jera hotunansu kusa da na Tunica.

Inda tsarin ya gaza sosai shi ne kiɗa. Abin da aka kira daren blues ya ƙare a wani ɗan dandali da ke kusurwar zauren caca, inda wasu makaɗa huɗu suka yi ta maimaita waƙoƙin rediyo na zamani, ƙarar na'urori tana danne su, masu sauraro rabinsu sun ba su baya. Abin takaicin shi ne ƙasar da otal ɗin ke kai ita ce mahaifar kiɗan. Shahararren mawaƙin blues Robert Johnson, wanda ya rasu a 1938 yana ɗan shekara 27, ya yi ƙuruciyarsa a gandun Abbay da Leatherman da ke nan kusa da Robinsonville. Ƙaramin gidan tarihi na Gateway to the Blues, da ake shiga ta wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta 1895 a bakin hanya ta 61, yana da jitoci da bayanai masu kyau, ya kuma cancanci awa guda. Daga nan mutum zai fara cin karo da shuɗɗan alluna na Mississippi Blues Trail masu nuna wuraren tarihin blues, waɗanda aka soma kafawa a 2006, yanzu sun haura 200.

Mun yi hayar mota da kuɗinmu muka gangara garin Clarksdale, tafiyar kusan awa ɗaya, kuma wannan ne kuɗin da ya fi kowanne amfani a duk tafiyar. A Delta Blues Museum, da aka kafa a 1979, an ajiye katakan ɗakin da mawaƙin blues Muddy Waters ya zauna a gandun Stovall, inda mai tattara waƙoƙin gargajiya Alan Lomax ya naɗi muryarsa a 1941. Ganin ƙanƙantar ɗakin ya fi kowane bayani nuna irin rayuwar baƙaƙen fata manoman auduga da suka haifar da wannan kiɗa. Ground Zero Blues Club, wanda aka buɗe a 2001 kuma ɗan wasan fim Morgan Freeman ke cikin masu shi, ya fi dacewa da baƙo na farko, akwai abinci da wurin zama. Amma daren da ya zauna mini a rai a wani ɗan ƙaramin gidan rawa muka yi shi, mai jan fitila da kujeru ba iri ɗaya ba. Wani dattijo ya zura wuyan kwalba a ƙaramin yatsansa yana goga shi a kan tsirkiyar jita, sautin yana kuka yana lanƙwasa, shi kuma yana jefa baiti ya maimaita shi sannan ya ba shi amsa da na uku, jama'a na amsa masa daga kujerunsu. Wani bokiti ya riƙa zagayawa ana jefa daloli, wanda shi ne yawancin abin da makaɗan ke tafiya da shi gida. Mai sauran lokaci ya ƙarasa garin Indianola, inda gidan tarihin mawaƙin blues B.B. King yake tun 2008, a nan kuma aka binne shi a 2015.

Abincin otal na ɗiba-da-kanka yana da yawa amma ba shi da wani abin tunawa. Soyayyar tarwada a ƙananan gidajen abinci na kan hanya ta fi shi nesa ba kusa ba. Wanda ba ya cin naman alade ya riƙa tambaya, domin ana saka shi har a cikin dafaffen ganye da wake.

Zan ba da shawarar wannan tsari ga ƙungiyar abokai masu son golf mai sauƙin kuɗi, bisa sharaɗin su ɗauki ɓangaren kiɗan a hannunsu, su kwana ɗaya a Clarksdale maimakon tuƙin dare a hanya mai duhu. Afrilu ya fi dacewa, lokacin da ciyawar filayen ta dawo kore, zafi bai kankama ba, kuma ake yin bikin kiɗan blues na Juke Joint Festival a garin. Sai dai ɗakunan kwana a Clarksdale ba su da yawa, ana kama su tun watanni kafin bikin.