Mita ko Kuɗin Wata a Bauchi?

Ruwan famfon Bauchi daga madatsar Gubi yake zuwa, amma biyan kuɗinsa iri biyu ne. Mai biyan kuɗin wata tsayayye, ko ruwa ya zo ko famfo ya yi sati yana busa iska, kuɗin nan dai za a nema a hannunsa. Gidan yawa da ake wanki kullum, wannan ya fi musu sauƙi.

Mita kuwa abin da ya bi ta bututu kaɗai take ƙirgawa, kowace lita 1,000 da farashinta. Ni ita na fi so, don mu uku ne a gida. Sai dai in bututu ya fashe ta cikin gida, kai za ka biya, har da jarkokin da maƙwabta ke cikawa kowace safiya.