Echinacea: Purpurea, Angustifolia ko Pallida, Wanne Za Ka Saya?

Duk kwalba ko fakitin irin da aka rubuta wa "Echinacea" kawai, ba tare da suna na biyu ba, kada ka saye shi. Wannan fure na Arewacin Amurka, ɗan dangin shuwaka da latas da ake saye don ado da kuma maganin mura, nau'i tara ne zuwa goma, kuma uku ne suka cika kasuwa. Sunan daga kalmar Girkanci ta bushiya ya samo asali, saboda ƙullin tsakiyarsa mai ƙaya.

Purpurea ta fi yawa, ta fi arha, ta fi sauƙin noma. Ganyenta mai faɗi ne, bakinsa da haƙora kamar zarto, tsayinta kan wuce mita ɗaya. Saiwoyinta sirara ne a barbaje kamar na gero, shi ya sa take jure dashe, take zama a tukunya. Irinta kan tsiro cikin kwana 10 zuwa 20 ba tare da wata dabara ba.

Angustifolia kuwa 'yar filayen ciyawa ce ta tsakiyar Amurka. Gajera ce, santimita 30 zuwa 60, ganyenta siriri mai gashi, saiwarta guda ɗaya mai nutsewa kamar karas. A nan masu saye suka fi yin asara. Irinta ba ya tsirowa da kyau sai ya sha sanyi: a cakuɗa shi da yashi mai ɗan danshi, a ƙulle a leda, a sa a firji wata ɗaya zuwa uku. Wanda wutarsa ke yawan ɗaukewa ya yi lissafi tun kafin ya biya kuɗi. Ba ta son ƙasar da ruwa ke kwanciya, saiwar ruɓewa take yi, kuma idan ta karye wajen dashe shukar kan mutu. Mai noma don saiwa sai ya jira shekara 3 zuwa 4.

Pallida ta yi kama da ita har an daɗe ana sayar da saiwarta da sunan angustifolia a Turai. Ta fi ta tsayi, kunnuwan furenta sirara ne dogaye masu reto ƙasa, launinsu ruwan hoda kodaɗɗe. Shaida mafi ƙarfi ita ce ƙurar furen: ta pallida fara ce, ta angustifolia rawaya.

Ga mai sayen busasshiyar saiwa akwai gwajin harshe. Tauna ɗan guntu. Angustifolia ta gaskiya kan sa harshe ya yi ƙaiƙayi, ya ɗan mutu, yawu ya taru. Sinadaran alkylamide ke jawo haka, kuma pallida ba ta da su da yawa, don haka nata ƙaiƙayin kaɗan ne ko babu. Gwajin ba ya aiki da garin da ya daɗe, domin sinadarin raguwa yake yi bayan an niƙa. Gara ka sayi saiwa gunduwa-gunduwa, ko don gudun algus, tunda an sha kama saiwar wata shuka, Parthenium integrifolium, a madadin ta purpurea. A jikin kwalba nemi cikakken sunan Latin, da ɓangaren da aka sarrafa (saiwa ko ganye da fure), da ranar lalacewa.

Kada ka ɗora wa Echinacea buri. Nazarin 2014 na Cochrane, ƙungiyar da ke tantance binciken lafiya, bai sami hujja mai ƙarfi cewa tana warkar da mura ba. Wanda furannin wannan dangi ke sa wa ƙaiƙayi ko asma ya guje ta, mai shan maganin rage garkuwar jiki kuma ya fara ganin likita.

Don ado kawai, akwai paradoxa ta tsaunukan Ozark na Amurka, ita kaɗai ce mai rawayan fure a cikinsu. Masu launin lemo da ja da ake tallatawa yawanci haɗe-haɗe ne, irin da ka tara daga jikinsu ba zai maimaita launin uwa ba. In kuma ka ga furen ya fito kore a murɗe, cuta ce da ƙananan ƙwari masu tsalle ke yaɗawa, ba ta da magani, a tumɓuke shukar. Mai farawa ya ɗauki purpurea.