Kafin ka sayi ƙaramin allon kwamfuta, duba ko kanel ɗinsa na ɓuya

Bara waccan na haɗa wa wani mai shagon intanet a nan Garwa na'urar sayar da tikitin waifai. Don in rage masa kashe kuɗi sai na ɗauki wani allo marar suna da aka kawo daga Duwala, a kwalinsa an rubuta bit 64. Da na shiga ciki na duba kanel, wato zuciyar manhajar Linux da ke tafiyar da na'urar, siga ta 3.10 na tarar, tsoho tukuf, kuma bit 32. Na buɗe fayil ɗin /proc/kallsyms, mai lissafa inda sassan kanel suke a ƙwaƙwalwa, da asusun da ba shi da ikon komai, sai ga adireshin kowane sashe na kanel ya zubo layi-layi. Na kashe na kunna sau uku, lambobin ko motsi ba su yi ba. Daga aljihuna na sake aikin.

Abin da allon ya rasa shi ne KASLR, wato duk lokacin da na'ura ta tashi, kanel ya sauka a wani wuri dabam cikin ƙwaƙwalwa. Mai kutse ko ya sami kafa, sai ya san inda zai kai hannu, idan ya yi kuskure na'urar faɗuwa take yi. Linux ya samu wannan a x86 (guntun manyan kwamfutoci) cikin 2014, a ARM (guntun irin waɗannan ƙananan alluna) mai bit 64 kuma a siga ta 4.6 cikin 2016. ARM mai bit 32 har yau babu shi a ainihin kanel na Linux, wannan kaɗai ya raba mini kasuwar gida biyu.

Ni dai Raspberry Pi 4 nake saya. Guntun ARM mai suna Cortex-A72 ne a cikinsa, bit 64 na gaskiya, kuma tun Fabrairun 2022 akwai Linux ɗin da masu ƙera shi suka fitar mai bit 64 da ake sabuntawa a kai a kai. Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne maganar iri. A irin waɗannan alluna na ARM, kanel ba ya canja wuri da kansa, sai manhajar da ke tayar da shi ta miƙa masa lambar ƙuri'a da ake kira kaslr-seed. Alluna da yawa an kunna musu CONFIG_RANDOMIZE_BASE, wato saitin KASLR a kanel, amma ba mai ba su irin, sai ka ga dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, ya rubuta "KASLR disabled due to lack of seed". Nawa kuwa "KASLR enabled" yake nunawa. Aibin Pi 4 zafi: a watan Maris da Afrilu da Garwa ke wuce maki 40, kada ka rufe shi a akwati babu fanka.

BeagleBone Black allo ne mai ƙwari, amma Cortex-A8 ne, bit 32, maganar ta ƙare. Haka Orange Pi mai Allwinner H3. ESP32 ba Linux yake ɗauka ba, aikinsa dabam.

Ɓuya ba ta da amfani idan baki na yoyo, wato kanel ɗin da kansa yana tona adireshinsa. A saitunan da ke toshe wannan yoyon, ka sa kptr_restrict ya zama 2, dmesg_restrict ya zama 1, ka nemi kanel 4.15 zuwa sama, domin daga nan ne aka fara rikita adireshin da kanel ke bugawa a saƙonninsa.

Sai ha'inci, wanda shi ya fi cin raina. Ana goge lambar da ke kan guntun na'ura a buga wata. Ana zuba tsohon kanel a gyara shafin bayani ya nuna sabuwar lamba. Wani masu haɗa shi sun bar kalmar nokaslr, mai kashe KASLR, a layin tayarwa tun lokacin gwaji, ba su cire ba, sai ka leƙa /proc/cmdline za ka gani. Katin SD ma akwai na jabu, a rubuta gigabait 64 alhali 8 ne, ranar da wuta ta ɗauke tsarin ya lalace. Caja kuma idan ba ta kai volt 5 da amfiya 3 ba, Pi 4 zai riƙa kukan ƙarancin wuta.

Sau da yawa mai sayar da allon shi ma cutarsa aka yi, don haka ba na faɗa da kowa. Ina ce masa, "Alhaji, a ba ni soket na minti goma." In umarnin uname -m bai nuna aarch64 (wato ARM mai bit 64) ba, sai in mayar masa. In ya nuna, sai in kunna allon sau biyu, in kwatanta layin farko na kallsyms a matsayin root (asusun da ke da cikakken iko), lambobin suka bambanta sannan mu yi ciniki.