Gargaɗi ga Masu Kiwon Kyanwa da Kare: Ku Guji Abincin Awo da Maganin Ƙumar da Ake Tallatawa a Waya

Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da na binne kyanwata a bayan gida, kuma da hannuna na ɗiga mata abin da ya kashe ta. Na so in bar maganar a cikina, amma jiya wata baiwar Allah ta turo min tallar mutumin da ya sayar min da kayan. Ya sake suna, ya sake lamba, hotunan dai su ne. Da na ga haka sai na ce shiru bai kama ni ba.

Duk mai kyanwa ya san yadda abincinsu na kanti ya yi tashin gwauron zabo tun da darajar Naira ta faɗi a 2023. Ta wannan ƙofar mutanen nan suke shigowa. Za ki ga talla a Facebook ko Instagram, ko a sitatus ɗin WhatsApp, da hoton buhun abinci na kamfanin da kowa ya sani, sabo fil, ga kyanwa mai gashi buzu-buzu a gefe. A ƙasa an rubuta cewa kayan waje ne, kwantena ta sauka, ana sayarwa a kan rabin kuɗin kanti. Idan kika yi magana sai a ce miki buhun babba ne, ba kowa ke iya ɗauka ba, don haka ana aunawa a kwano don a sauƙaƙa wa mutane. Ba shi da shago. Kuɗi za ki tura, ɗan sahu ya kawo miki, ko a saka a mota idan kina wani gari. Ƙarƙashin tallar kuma mutane ne rututu suna ta sa albarka, wanda daga baya na lura kusan dukkansu shafukansu babu hoto babu tarihi.

Ni ma haka na faɗa. Bakinsa da zaƙi, "Hajiyata" yake ce min tun daga farko har ƙarshe. Na sayi kwano biyu, ya ce ya ƙara min da kyautar maganin ƙuma saboda sabuwar kwastoma ce ni.

Kayan suka iso a farar leda, an ɗaure bakinta da kyauro. Babu suna, babu kwanan wata, babu komai. Da na kwance sai wani wari ya bugi hancina, irin na tsohon man gyaɗa da ya daɗe a galan, haɗe da warin ɗakin da aka rufe da damina. Na zuba wa kyanwata Fara a kwanonta. Ta zo ta shinshina, ta ɗaga kai ta kalle ni, ta juya. Muzuruna, Ɗan Baƙi, shi ma haka. Maimakon in gane, sai na ce ai baƙon abinci ne, na marmasa musu kifi a kai don su ci. Wannan abu yana ci min rai har yanzu. Sun gaya min da iyakar yadda za su iya, ni ce ban ji ba.

Maganin kuwa a 'yar kwalbar roba yake, irin ta turaren ɗurawa, ruwa ne garai-garai. Ya ce in ɗiga biyar a ƙeyarta. Bayan la'asar na ɗiga wa Fara, shi muzurun ya haura katanga bai dawo ba sai dare, abin da ya cece shi ke nan. Kafin magariba na same ta a ƙarƙashin kujera, yawu na dalala kamar an buɗe famfo, hawaye na zuba, ƙwayar idonta ta tsuke ta koma kamar kan allura. Fatar bayanta tana ɓari, ƙafafunta sun kasa ɗaukarta. Maƙwabciyata ta shigo da gudu da manja a cokali, muka ɗura mata. Sai bayan isha muka samu likitan dabbobi. Yana buɗe kwalbar ya kawar da kai, ya ce, "Hajiya, wannan ai fiya-fiya ce." Ya wanke ta, ya yi mata allura, ya sa mata ruwa. Ba ta kai asuba ba.

Ga wanda bai sani ba, fiya-fiya da ake ɗurawa a kwalabe ana yawo da ita yawanci sinadarin dikilobos ne a ciki, wanda ake rubutawa DDVP, shi ne kuma ke cikin Sniper. Maganin ƙwarin gona ne. Yana ratsa fata ya shiga jini, ya hargitsa jijiyoyi har numfashi ya gagara. Saboda shi ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da manyan kantuna, ta ce sai a wajen masu kayan noma. Abin da aka ga ya fi ƙarfin a bar shi a hannun kowa, shi wani ya ɗura a kwalbar turare ya ce a ɗiga wa dabbar da ba ta kai kilo huɗu ba, wadda kuma aikinta ke nan lasar jikinta.

Likitan ya ƙara min da abu biyu da nake so kowa ya riƙe. Manjan da muka ɗura ba taimako ba ne. Mai yana iya sa irin wannan guba ta ƙara saurin shiga jiki, sannan dabbar da ke karkarwa tana iya shaƙe shi ya faɗa huhu. Madara ma haka. Na biyu, ko maganin gaske ne, na kare daban na kyanwa daban. Akwai sinadarin famitirin da ake sa wa a magungunan kaska da ƙuma na karnuka, kare yana ɗauka lafiya, amma hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, sai jijjiga da mutuwa. Farasitamol ma da muke sha kamar ruwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Washegari na kira mutumin. Da farko ya yi ta salati, ya ce kwananta ne ya ƙare. Da na ce likita ya ga kwalbar, sai murya ta canza, ya ce ni ce na zuba fiye da ƙima. Da na ce zan kai ƙara, ya kashe waya ya toshe ni ta ko'ina.

Sai na koma kan abincin. Na kai wa likitan ledar, ya zazzage ta a kan farar takarda a gaban taga. Abin da ban gani ba a gida ya fito fili. Ƙwayoyin ba iri ɗaya ba ne: wasu zagayayyu, wasu masu kusurwa uku, wasu manya irin na karnuka, har da wasu dogaye da ya ce sun fi kama da abincin kifi. A gindin ledar akwai gari mai launin kore-kore, wasu ƙwayoyin sun manne da juna da farin zare kamar saƙar gizo-gizo. Ya ce wannan sharar sito ce, ragowar buhunan da suka fashe ko suka wuce wa'adi ko ruwa ya taɓa, aka tattara aka cakuɗa. Ya ce in daina ba Ɗan Baƙi nan take, ya ɗebi jininsa don duba hanta.

Dalilin duba hantar shi ne funfuna. Busasshen abincin dabbobi akwai masara a cikin mafi yawansa, kuma idan danshi ya kama masara ko gyaɗa a wuri mai zafi, akwai wata funfuna da ke fitowa ta bar guba mai suna afalatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta, shanya ba ta fitar da ita, kuma tana iya kasancewa ko ido bai ga funfunar ba. Hanta take ci. Dabba za ta daina cin abinci, ta yi sanyi, ta yi amai, dasashi da farin ido su koma ɗorawa kamar mai shawara. An fara gano ta ne a Ingila a 1960, bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu sakamakon tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Brazil. A Kenya a 2004 ta kashe mutum 125 da suka ci gurɓatacciyar masara. A Amurka kuma, ƙarshen 2020, an janye abincin kare da kyanwa mai suna Sportmix daga kasuwa saboda ita, kuma hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta samu rahoton mutuwar dabbobi sama da 100. Mu da muke zaune a ƙasar masara da gyaɗa, ga zafi ga damina, ba sai an yi mana dogon bayani ba kan abin da buɗaɗɗen buhu zai zama a sito daga Yuli zuwa Satumba.

Akwai wata magana da mutumin ya yi ta nanata min lokacin ciniki, wai abincinsa ya fi na kanti sinadarin gina jiki, an gwada an tabbatar. Duk wanda ya ji wannan kalma daga bakin mai awo, ya tuna abin da ya faru a 2007. A watan Maris na shekarar, kamfanin Menu Foods na Kanada ya janye gwangwanaye da fakitin abincin kare da kyanwa kusan miliyan 60, saboda dabbobi suna ta mutuwa da ciwon ƙoda. Da aka bi diddigi sai aka gano cewa wani garin alkama da aka shigo da shi daga Sin an zuba masa melamin, sinadarin da ake yin kwanukan roba da shi. Wayon da suka yi shi ne, gwajin da aka saba yi ba furotin, wato sinadarin gina jiki, yake aunawa kai tsaye ba, naitirojin yake aunawa sannan a yi lissafi. Shi kuwa melamin kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa naitirojin ne. Sai a zuba shi a gari mai arha, na'ura ta nuna kaya na ƙwarai. A cikin jikin dabba kuma ya haɗu da wani ɗan uwansa sinadari su daskare su zama tsakuwa ƙanana, su toshe ƙoda. Shekara guda bayan haka, a 2008, irin wannan ha'inci ya bayyana a madarar jarirai a ƙasar Sin, jarirai 6 suka rasu, kusan 300,000 suka kamu da ciwo. Abin da ya fi tsaya min a rai a labarin shi ne yadda aka iya kamo bakin zaren. Kowane gwangwani yana da suna da lambar rukunin da aka yi shi, shi ya sa aka san wanda za a janye da wanda za a tuhuma, har kamfanoni suka amince da biyan diyyar dala miliyan 24. Kamfanoni masu ɗakin gwaji ma an yaudare su. To ledar da aka ɗaure da kyauro fa, idan ta yi ɓarna wa za a kama, me za a janye?

Na san wani zai ce don kyanwa ake wannan dogon zance alhali mutane na fama da abin da za su ci. Na ji, kuma ban raina halin da ake ciki ba. Amma dabbar da ka ajiye amana ce a wuyanka, dukkanmu mun taso da jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Sannan kwalbar nan a kan madubina ta kwana biyu, inda autata 'yar shekara uku take miƙa hannu ta ɗauki turare.

Don haka ina roƙonku, kada ku sayi abincin da aka fitar daga buhunsa na asali. Idan babban buhu ya fi ƙarfinki, ku haɗa kuɗi ku biyu ko uku ku saya a rufe, ku buɗe da hannunku ku raba. A duba kwanan wata da kyau, domin akwai masu gogewa su manna sabuwar takarda a kai, a duba lambar rukuni da lambar NAFDAC, a shafa bakin buhun a ji ko liƙin kamfani ne ko na kyandir. A ajiye shi a rufe, a wuri busasshe, ba a ƙasan siminti ba. Idan kuma babu hali, dafaffen kifi ko kaza ba gishiri ba magi ba albasa ba tafarnuwa ya fi wannan shara sau dubu. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare da kyanwa. Maganin ƙuma da na kaska kuwa a bar wa likitan dabbobi ya zaɓa, a cikin kwalinsa, da hoton dabbar da aka yi shi dominta. Shinkafar ɓera ma a yi hattara da inda ake zuba ta, kyanwar da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana cikin haɗari.

Idan tsautsayi ya riga ya faru an ɗiga, a wanke wurin nan take da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke, a sa leda ko safar hannu, a naɗe dabbar a tawul a nufi asibiti tare da kwalbar. Kada a ɗura komai, kada a tsaya jiran gari ya waye. Irin wannan guba tana da allurar da ke karya ta idan an kai da wuri. Waɗanda ke kusa da Zariya, Sakkwato ko Maiduguri, jami'o'in can suna da asibitocin koyarwa na dabbobi. Kowa ya nemi lambar likita ya ajiye tun kafin ranar buƙata, domin ni awa uku na ɓata ina neman wanda zan kira.

Na ajiye ledar da kwalbar da shaidar tura kuɗin da hotunan hirarmu, ranar Litinin in sha Allahu zan kai su ofishin NAFDAC. Duk wadda ta sayi irin wannan kaya kada ta zubar a bola inda karnuka da awaki za su ci, ta ƙulle shi ta ajiye, ta kai nata ƙorafin ita ma. Ɗan Baƙi yana shan magani, jiya ya ci kifi kaɗan, kuma likita ya ce mu koma a sake ɗibar jininsa nan da mako biyu.